Saukowar Tsallakau daga Kan Kuka

Yaran da suka san Tsallakau a yau, a fuskar waya da kwamfuta suka san shi: ɗan akuya mai kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, wanda ake dannawa ya daka tsalle daga katanga zuwa kan rumbu. Ni kuwa a bakin kakata na san shi, a shekarun tamanin, tun ba a haifi wadda ta zana shi ba.

Gidanmu a Malumfashi yana can ƙarshen gari, inda katangar baya take kallon gonakin masara da auduga. Babana manomi ne. Idan amfani ya zo gida, tsakar gida takan cika har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa, masara a shanye nan, buhunan auduga a jibge can suna jiran motar Funtuwa. Wuri ɗaya ne ba a taɓawa, wato gaban ɗakin Iya, mahaifiyar babana, inda take da ɗan murhunta. Ba girki take yi a kai ba, tuwo daga madafi ake kawo mata. Wutar ta ɗumin ƙafa ce da gasa mana masara.

Iya 'yar ƙaramar tsohuwa ce, hannunta ba ya zama banza. Kullum tana kaɗi, mazari na juyawa, zare na fita daga tsakanin yatsunta kamar ba ita take yi ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda sunan marigayi mijinta aka sa mini, Kabiru. Maigida take ce mini, tana tsokanata wai na bar ta ba cefane. Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai mu taru a gabanta, ni da ƙannena huɗu, mu zauna har a kira isha'i.

Ta shidanmu ita ce Ngozi. Babanta ɗan kasuwa ne daga kudu, Kirista, yana sayar da kayan keke da na babur a shagon da ke manne da katangarmu, kuma a bayan shagon suke zaune. A Malumfashi aka haife ta, Hausar bakinta ba ta da bambanci da tamu. Sa'ata ce. Ba ta da yawan magana, sai dai ta shigo ta durƙusa ta gai da Iya, ta zauna dab da ita tana cire mata gurya daga auduga. Iya na ce mata 'yar ɗakina.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Sai ta gyara itace ta ce, "Na zo muku da baƙo." Mu kuma mu amsa, "A shimfiɗa masa tabarma." A shekarar da nake aji shida, baƙon nan Tsallakau ne.

Ga yadda labarin yake. Dabbobin wani gari suna da dunƙulen kanwa guda ɗaya a bakin rijiya, kowa ya sha ruwa sai ya lasa ya wuce. Ran nan hankaka ya sure ta ya kai can ƙololuwar wata kuka a kan dutsen bayan gari. Ba cin kanwa yake yi ba, kawai ya ga fara ce irin ƙirjinsa, ya ce tasa ce. Don kada a bi shi, sai ya haɗa baki da cinnaku suka rufe ƙasa tun daga rijiya har gindin dutse, duk wanda ya taka sai ya yi rawar da bai shirya ba. Sa ya ce ya yi nauyi. Raƙumi ya ce wuyansa na ciwo. Jaki ya yi kamar bai ji ba. Sai Tsallakau, wanda uwarsa ta gaji da zagaya maƙwabta tana ba da haƙuri saboda hawan katangarsa, ya ce shi zai je, kuma ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba.

Daga nan ne labarin yake zama namu. Tsallakau yana tsaye kan turmi, sai Iya ta tsai da mazari ta nuna ɗayanmu da shi. Ta ce a dama akwai katanga, a hagu akwai kifaffen kwando, ina zai dira? Bi da bi take tambayarmu, ba a tsallake kowa. Idan ka zaɓi daidai, ya wuce gaba. Idan ka kuskure, to ka jawo masa. Kwandon nan ashe kaza ce a ƙarƙashi da 'ya'yanta. Ya taɓa faɗawa tukunyar talge ya fito fari fat har uwarsa ta kasa gane shi. Ya taɓa faɗawa marina ya kwana uku yana shuɗi. Wata rana ya dira kan cikin wani mai barci a gindin bishiya, cikin ya cilla shi sama kamar ƙwallo. Iya tana yin kukan akuyar da bakinta, tana karkace kunne da hannu, mu kuwa muna birgima a tabarma. Kuma ba ka isa ka gane dabararta ba. Yau abin da ya yi kama da tarko shi ne hanya, gobe kuma akasin haka.

Duk faɗuwar da zai yi, ba ya mutuwa. Sai ya karkaɗe jiki ya koma inda ya huta na ƙarshe, a sake. Ƙanwata ta taɓa tambayar dalili, Iya ta ce idan ya mutu, ita da wa za ta yi hira gobe.

Mun kusa cinye kakar nan kaf kafin mu kai shi ƙololuwar kuka. Da ya isa bai yi faɗa da hankaka ba. Zama ya yi yana kallon kanwar yana kallon hankaka, yana girgiza kai. Da hankaka ya matsa masa da tambaya, sai ya ce ba komai, kawai tun da aka ajiye kanwar nan kusa da shi ƙirjinsa ya koma kamar tsumman goge tukunya. Nan take hankaka ya ture masa ita ya ce ya ɗauke ta daga gabansa. Muka yi ta tafi. Iya ta bari muka gama, sannan ta naɗe zarenta.

"Kun dai hau da shi," in ji ta. "Saura saukowa, ga kaya a bayansa. Wannan wani labari ne daban. Ku bari a kai auduga tukuna."

Kafin a gama kai audugar, baban Ngozi ya dawo daga bikin Kirsimeti a garinsu da akwatin talabijin, irin mai baƙi da fari, da ake haɗawa da batirin mota. Mutum ne mai son jama'a. Da yamma sai ya fito da ita ƙofar shago, ya shimfiɗa wa yaran unguwa tabarmi. Kuma daidai bayan magariba ake nuna zanen katun, dabbobi suna gudu suna faɗuwa suna tashi, ga kiɗa. Ranar farko da na gani ban san na bar baki buɗe ba sai da sauro ya tuna mini.

A daren da Iya ta sa za a fara saukowar, ta sa an gasa masara fiye da kullum. Na shigo na ɗauki tawa a tsaye. Ta ce ta zo mana da baƙo, ƙannena suka fara amsawa, ni kuwa na ce su tashi mu tafi an kusa farawa. Iya ta ɗago ta tambaye ni ko zan bar Tsallakau a kan kuka. Abin da na ce mata har yau ina jin sa a kunnena.

"Iya, naki ɗan akuyan ai ba a ganinsa. Na can yana motsi, har da kiɗa."

Ban faɗa da niyyar cin fuska ba, na ɗauka gaskiya kawai na faɗa. Ta yi dariya, ta ce Maigida ya yi sabuwar amarya mai batir, in je, baƙo zai jira. Na fita, ƙannena suka biyo ni ɗaya bayan ɗaya, don ni ne babba. A zaure muka yi kiciɓis da Ngozi tana shigowa. Na tambaye ta ina za ta alhali a ƙofarsu ake kallo. Ta ce ita ta gaji da hayaniyar, ta wuce ciki.

Da a daren nan kaɗai abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma haka muka ci gaba har rani ya ƙare. Na ci jarrabawa, aka tura ni makarantar kwana. Ana gobe zan tafi Iya ta kira ni ta ba ni ƙuli-ƙuli a ɗaure a tsumma, ta ce ko zan zauna mu sauko da akuyar nan kafin in tafi. Na ce ina haɗa akwati, sai na dawo hutu. Da na dawo hutu kuwa na zama ɗan sakandare mai dogon wando, ina ganin zama a tabarma da yara ya yi mini kaɗan. Ta sake tambaya sau ɗaya, na ce ai na girma. Ba ta ƙara tayar da zancen ba.

A daminar shekarata ta biyu ƙanen babana ya zo makaranta ya ɗauke ni. Kafin mu iso an riga an kai Iya makwancinta. Na yi kuka kamar kowa, amma in faɗi gaskiya, Tsallakau bai ko faɗo mini a rai ba. Yaro ne ni, ina ganin tatsuniya aba ce da ba ta ƙarewa a duniya.

Shekaru suka tafi. Na yi karatu, na kama aiki a Kaduna, na yi aure. Ɗiyata ta fari, Rukayya, tun tana ƙarama ba ta barci sai da labari, kuma duk abin da na iya shi ne hawan Tsallakau. Na riƙa yi mata yadda Iya take yi mana, dama ko hagu, tana zaɓa tana ƙyalƙyala dariya. Idan mun kai ƙololuwar kuka sai in ce labari ya ƙare. Ba ta taɓa musu ba.

Da ta girma ta karanci kwamfuta a jami'a. Ita da abokan karatunta biyu suka kwashe fiye da shekara suna wani aiki da ban gane kansa ba, sai ran nan ta ajiye mini kwamfuta a cinya ta ce in danna. Sai ga Tsallakau a kan turmi yana kaɗa jela. Ba shimfiɗaɗɗen zane ba ne irin na takarda, gari ne sosai da za ka iya shiga, ka zagaya rumbu ka leƙa bayansa, ka hau katanga ka hango dutsen da kukar a nesa. Cinnaku na yawo a ƙasa. Na danna ba daidai ba, ya faɗa tukunyar talge, ya fito fari fat yana atishawa, ya koma kan turmi yana harara ta. Na yi dariya har da hawaye, matata ta leƙo daga ɗaki ta ga ko lafiya.

Wasan ya karɓu fiye da yadda suka zata. Yaran maƙwabta suka riƙa tare Rukayya a ƙofar gida suna tambayar yaushe na biyu zai fito, don na farkon ya ƙare da akuya a saman bishiya. Wata Asabar Rukayya ta zo ta zauna a gabana da littafi da biro.

"Baba, yaya aka yi ya sauko?"

Na ce ban sani ba. Ta ɗauka wasa nake yi, ta jira. Da ta ga fuskata sai ta rufe littafin. Ranar na ba ta labarin da ban taɓa ba kowa ba, har da maganar da na yi wa Iya a tsaye da masara a hannu. Ta ce to in ƙirƙiro mana, ai ni na fi kowa sanin muryarta. Na gwada, mako guda ina rubutu ina yagawa. Duk abin da na ƙago sai ya fito a bushe, ba ya ba ni dariya balle wani. Na kira ƙannena, babu wanda ya sani, tunda ni na janye su. Ƙanwata ce ta ce, in dai akwai wanda ya ji, to Ngozi ce, kuma tana nan a Malumfashi ba ta je ko'ina ba.

Muka kama hanya ni da Rukayya, ta Funtuwa da Bakori. Gidanmu an daɗe da raba shi, gonakin bayansa sun zama unguwa. Amma shagon na nan, an faɗaɗa shi, kayan babur har rufi. Wata mata mai furfura da tabarau tana zaune a bayan kanta. Na yi sallama na fara bayanin ko ni wane ne, ta katse ni ta ce, ai Maigidan Iya ba ya buƙatar gabatarwa. Ta gaji shagon bayan rasuwar babanta, ta yi aure a garin, har da jikoki. Ta sa aka kawo mana kujeru da ruwa, muka yi gaisuwa da ta'aziyyar waɗanda suka rasu a ɓangarorin biyu. Da na faɗi abin da ya kawo mu, ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da bakin zane.

Sannan ta fara, Rukayya na rubutu. Ashe saukowar ta fi hawan ban dariya. Kanwa ta yi wa Tsallakau nauyi, ba ya iya tsalle da gaba, sai da baya da baya, gindinsa na gaba, duk dabbobin gari suna ƙasa suna kallo suna ba shi shawarwarin da suka saɓa wa juna. Kuma tunda ba ya ganin inda zai sa ƙafa, dole ya nemi mai gani. Ƙadangare ya nuna masa tsaga a jikin bishiya, ladansa lasa ɗaya. Jemage ya yi masa kwatance, amma da yake a kife yake rataye, damansa hagu ce, sai da Tsallakau ya tsoma jela cikin amyar zuma sau biyu kafin ya gane. Har hankaka ya dawo, kunya ta ishe shi, ya riƙe masa igiyar kayan a wani reshe mai santsi, shi ma aka gutsura masa. Kowane reshe kanwa na raguwa, tsalle na ƙara sauƙi. Ngozi tana faɗa tana yin kukan akuyar, tana karkace kunne da hannu. Ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba, don ba muryarta nake ji ba.

Ta ce ita kaɗai ta yi duk zaɓin, dare bayan dare, har suka kawo shi reshen ƙarshe. Kanwar ta koma kamar ƙwarar goro, ya riƙe ta a baki, ba halin ya yi kuka ya nemi taimako. A dama akwai jinkar wani tsohon rumbu. A hagu akwai bayan saniya tana kwance tana tuƙa.

Rukayya ta ɗago biro tana jira.

Ngozi ta ce a nan Iya ta tsai da mazari, ta dubi zaure, ta ce wannan zaɓin na Maigida ne. Ngozi ta roƙe ta, ta ce ai ita ta yi duk wahalar. Iya ta ce ta sani, amma kowa ya samu rabonsa a saukowar nan ban da shi, ba za a ƙarasa ba shi ba. Daga ranar sai ta riƙa yi mata wasu ƙananan tatsuniyoyi. Ko da ciwo ya kwantar da ita, Ngozi ta sake tambaya, Iya ta ce ta ƙara haƙuri, hutu ya kusa.

Ban yi shawara da kaina ba, kawai na ji bakina ya ce, "Dama."

Ngozi ta dube ni, idonta ya cika.

"Ban san abin da ke dama ba, Kabiru. Ita kaɗai ta sani."

Rukayya ta gama wasanta na biyu bayan wasu watanni. Ta sa jemage da amyar zuma da saukowa da baya da baya, yara suna ta dariya, ƙarshen kuma ta ƙago nata. Ta yi kyan kai, kuma na sa mata albarka. Ita a ganinta darasin saukowar shi ne mutum ba ya dawowa gida shi kaɗai, sai ya gutsura wa waɗanda suka nuna masa hanya. Wataƙila haka Iya take nufi. Ni dai abin da ya zauna mini daban ne. Shekaru da yawa ina lallashin kaina da cewa tsohuwa ta ji haushina ne ta share zancen, kuma haushi abu ne da mutum zai iya neman gafararsa ko a addu'a. Ashe ba fushi ta yi ba. Da fushi ta yi, da ta ƙarasa wa Ngozi labarin ta huta. Wuri ta ajiye mini, kalma ɗaya take jira daga bakina, ta kusa shekara biyu tana jira.

Da za mu tafi ranar, Ngozi ta rako mu har mota. Na tambaye ta abin da na daɗe ina tsoron tambaya, ko Iya ta taɓa yin ƙorafi a kaina a waɗancan darare. Ta girgiza kai. Ta ce katanga ɗaya ce tsakanin ƙofar shagon da gaban ɗakin, duk dariyar da na yi a gaban talabijin ana jin ta sarai a wurin murhu. Kuma duk lokacin da dariyar ta tashi, Iya takan dakata da labari ta saurara har in gama, sannan ta ce, "Kin ji Maigida. Yau ma yana jin daɗi."